Rowland Bingham: Mutumin da kaburbura biyu suka kusa raba shi da bangaskiyarsa

Duk mutumin Madawa ko Buza ko Keita da ciwo ya taɓa kai shi neman magani, ko ya taɓa rakiyar majinyaci, da wuya a ce bai san asibitin Galmi ba. Garin na Galmi, wanda ke kan babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta nufi Madawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ya yi suna ne da abubuwa biyu, wato albasa da kuma wannan asibiti da wani likita ɗan Amurka mai suna Burt Long da matarsa Ruth suka buɗe a shekarar 1950 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu zuwa wurin suka san wanda ya kafa ita kanta ƙungiyar, domin ya rasu shekara takwas kafin a buɗe asibitin. A yau filin namu zai waiwayi rayuwar wannan mutum, Rowland Victor Bingham, musamman ta fuskar yadda ya yi fama wajen riƙe bangaskiyarsa ta Kirista a lokacin da al'amura suka dagule masa, da kuma irin matakan da ya shimfiɗa wa mabiyansa don kada su faɗa ramin da shi ya kusa faɗawa.

An haifi Bingham ranar 19 ga Disamba, 1872, a garin East Grinstead da ke kudancin Ingila. Yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya rasu, dukiyar gidan ta rushe, ya zamana dole yaro ya shiga neman abin kansa, inda ya fara da aikin taimaka wa malaman makaranta. Yana da kimanin shekara 15 ya halarci wa'azin ƙungiyar Salvation Army, wato Rundunar Ceto, kuma daga nan ne ya ɗauki addininsa da gaske. Abin da ya biyo baya ya nuna irin halin da zai rayu da shi har tsufa. Mahaifiyarsa tana da ɗan kanti da take ciyar da iyali da shi, cikin kayan da ake sayarwa har da taba, shi kuwa zuciyarsa ta ƙi natsuwa da miƙa wa mutane taba, balle yara. Maimakon ya ci gaba da abin da yake ganin saɓo ne, ko ya zauna yana jayayya da uwar da ta haife shi, sai ya zaɓi barin gida. Yana ɗan shekara 16 ya shiga jirgin ruwa ya nufi Kanada.

A can ya yi aikin gona, ya yi wa Rundunar Ceto hidima, daga bisani ya koma hannun wani fasto a birnin Toronto mai suna John Salmon. Wannan fasto yana cikin masu bin koyarwar A. B. Simpson, wadda a wancan zamani ta karɓu sosai a Amurka da Kanada, cewa warkar da jiki tana cikin abubuwan da mai bi ya riga ya samu ta wurin Almasihu, saboda haka wanda bangaskiyarsa ta cika yana iya dogara ga addu'a kaɗai idan ciwo ya zo. Mai karatu ya riƙe wannan batu da kyau, domin a kansa ne rabin labarin Bingham ya rataya.

A shekarar 1893 ya haɗu da wata dattijuwa 'yar asalin Sikotilan mai suna Margaret Gowans, wadda ta zaunar da shi ta ba shi labarin ɗanta Walter da kuma burinsa na kai bishara ƙasar Sudan. Ba ƙasar Sudan mai babban birni Khartum ake nufi ba. A bakin Turawan wancan lokaci, Sudan ita ce duk shimfiɗar ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara, daga Senegal har kogin Nilu, ƙasar Hausa kuma tana tsakiyarta. Walter Gowans ya nemi ƙungiyoyin mishan su tura shi, babu wadda ta yarda, wasu saboda rashin kuɗi, wasu saboda tsoron cutar yankin. Cikin 'yan makonni Bingham ya bi shi Ingila, wani abokin Gowans mai suna Thomas Kent daga birnin Buffalo na Amurka ya zama na uku. Ranar 4 ga Disamba, 1893, suka sauka Legas, babu wata ƙungiya a bayansu, babu albashi, Bingham kuma saura mako biyu ya cika shekara 21.

'Yan mishan da suka tarar a Legas ba su ɓoye musu komai ba. Shugaban mishan ɗin Methodist ya shaida musu cewa ba su ba ganin Sudan, haka 'ya'yansu, sai dai ko jikokinsu. Ba don ƙeta ya faɗi haka ba. Shekara biyu kacal kafin nan, a 1891 da 1892, J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke na mishan ɗin CMS, waɗanda su ma ƙasar Hausa suka nufa, sun mutu a Lakwaja. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kayar da Bingham, aka yanke shawarar ya zauna a Legas ya riƙa tura wa 'yan uwansa kaya da saƙo, su kuma su nausa arewa. Gowans ya yi nisa har ya kusanci Zariya, amma ya faɗa cikin yaƙin mayaƙan Sarkin Sudan na Kwantagora, aka raba shi da kayansa, ga kuma atuni ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Girku a watan Nuwamba na 1894. Kent ya bi shi a Bida cikin watan Disamba. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, abin da kawai zai nuna na wahalar shekara ɗaya da rabi shi ne kaburbura biyu.

Nan ne gwajin ya same shi. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Ya tafi Afirka yana dogara da abin da ya ɗauka alkawari ne na lafiya da kariya, sai ga shi waɗanda suka fi shi himma su aka fara binnewa. To, ko dai alkawarin ba gaskiya ba ne, ko kuwa shi ne bai fahimce shi ba. Ya yi watanni a cikin wannan hali, yana tambayar kansa ko Littafi Mai Tsarki ma maganar Allah ce ko tunanin mutane, kamar yadda wasu malaman jami'o'in zamanin suke koyarwa. Abin lura a nan shi ne yadda ya tunkari shakkar. Bai rufe ta a ciki ya ci gaba da wa'azi kamar babu komai ba, kuma bai yi fushi ya watsar da addinin ba. Komawa ya yi ya zauna da littafin, yana bin ayoyin da aka gina koyarwar warkarwa a kansu ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga matsayar cewa kuskuren yana wurin fassarar da aka koya masa. Allah yana warkarwa idan ya so, a ganinsa, amma bai ɗaukar wa kowane mai bi alkawarin tsira daga ciwo a duniyar nan ba, kuma shan magani ba raunin bangaskiya ba ne.

Akwai kuma rawar da Margaret Gowans ta taka. Bingham ya je ya kai mata ɗan abin da ya rage na kayan ɗanta, yana fargabar yadda za ta karɓe shi. Sai ta nuna masa cewa ta fi son ɗanta ya mutu shi kaɗai a Sudan yana kan abin da ya gaskata an umarce shi, da a ce yana zaune lafiya a gida cikin rashin biyayya. Daga nan ta ci gaba da tara mutane ana addu'a domin aikin. A ganinmu, da saurayin nan ya tarar da uwa mai zarginsa da kashe mata ɗa, da wataƙila labarin SIM ya ƙare a wannan ɗaki.

Wani abin takaici shi ne, maganin zazzaɓin yana nan tun tuni. A 1854 likita William Baikie ya shiga kogin Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ya dawo babu wanda zazzaɓi ya kashe. Amma duk da haka a 1890 wasu matasa 'yan mishan daga Amurka sun mutu a Saliyo bayan sun ƙi shan magani saboda irin waccan koyarwa. Sai a 1897 ne Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke yaɗa cutar. Bingham ya ɗauki darasi, domin bayan komawarsa ya ɗan koyi aikin jinya a wani asibiti a Cleveland, ya ƙara karatun addini a New York, kuma a 1921 ya wallafa littafi sukutum a kan batun, mai suna The Bible and the Body, wato Littafi Mai Tsarki da jikin ɗan Adam, inda ya yi wa koyarwar tsofaffin malamansa raddi. Wannan muhawara ba ta mutu ba. Har yau ana samun masu wa'azi a garuruwanmu da ke hana mabiyansu zuwa asibiti da sunan bangaskiya, ana kuma rasa rayuka a kan haka.

Ya yi aikin fasto a wata majami'ar Baptist a Newburgh ta jihar New York, ya auri Helen Blair a 1898, kuma a shekarar ce ya samu ya haɗa kwamitin da zai tsaya wa aikin a Toronto. A 1900 ya sake sauka Legas tare da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka ɗauke shi a kwance aka sa a jirgi, samarin nan biyu kuma da suka ji irin labaran da ake ba su, sai suka biyo jirgi na gaba. Ya bayyana wannan lokaci a matsayin mafi duhu a rayuwarsa, kuma ba abin mamaki ba ne. A karon farko ana iya cewa ƙaddara ce, a karo na biyu kuwa mutane sun fara kallonsa a matsayin mai taurin kai da ke jefa 'ya'yan mutane cikin halaka. Duk da haka ya sake tara wasu mutum huɗu ya tura a 1901, waɗanda a 1902 suka kafa tashar farko a Patigi, a ƙasar Nufe, shekara takwas da 'yan watanni bayan saukar farko a Legas. Shi kansa bai sake zama a Afirka ba, sai dai ziyara. Daga Toronto ya riƙa jan ragamar ƙungiyar har ƙarshen ransa.

Cikin waɗanda suka iso Patigi a 1902 akwai wanda ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa, wato Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature mai magani. Mai kantin magani ne a Toronto, yana da shekara 37 ya karanta wata ƙasida da Bingham ya rubuta, ya sayar da kantunansa ya miƙa wa mishan dukiyar, ya biyo jirgin dakon shanu zuwa Ingila don rage kuɗin tafiya. Idan Bingham ne ya tsara yadda za a kiyaye rayuwar ruhaniya, to Stirrett ne ya nuna ta a aikace. An san shi da tashi tun kafin ƙarfe 4 na asuba domin addu'a da karatu, da kuma tsananta wa sababbin zuwa a kan shan kwinin kullum da sa malafa a rana, bai ga wani saɓani tsakanin biyun ba. Bai taɓa aure ba. Ya shafe shekaru yana wa'azi da Hausa a kasuwar Jos, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Likita Mila na Zariya, wanda aka buga a 1932, kuma a Jos ya rasu a 1948.

Tsarin da Bingham ya ɗora ƙungiyar a kai ya samo asali ne daga abin da ya ɗanɗana. Babu wanda aka yi wa alkawarin albashi, abin da ya shigo a raba, kuma ba a cin bashi, takensu ma ya tsaya ne a kan cewa da addu'a ake tafiyar da aikin. Sai dai ya riga ya gane cewa himma kaɗai ba ta riƙe mutum. Wanda ya yi shekaru shi kaɗai a ƙauye, ga zazzaɓi, ga kewar gida, ga shi babu ko mutum ɗaya da ya karɓi abin da yake faɗa, zuciyarsa tana iya bushewa alhali bakinsa bai daina wa'azi ba. Don haka aka gina gidan hutu a Miyango kusa da Jos, inda sanyin tsauni da zumuncin 'yan uwa za su farfaɗo da wanda ya gaji. A Kanada kuma, a 1924, ya kafa wurin taron shekara-shekara a bakin tafki a yankin Muskoka, bisa salon taron Keswick da aka fara a Ingila a 1875, wanda manufarsa ba jawo sababbin mabiya ba ce, zurfafa rayuwar waɗanda suka riga suka gaskata ce. Mutane kan bar harkokinsu su yi kwanaki suna sauraron koyarwa, suna binciken zukatansu. Tun 1904 kuma yake shirya wata mujalla wadda daga baya aka san ta da The Evangelical Christian, domin ya yi imanin cewa mai bi da ba ya karatu, kowace iskar koyarwa tana iya kwashe shi.

Ba duk abin da ya yi ne za a yaba ba. Gidan da ya buɗe a Collingwood a shekarun 1920 domin 'ya'yan 'yan mishan, wanda ya sa wa sunan Gowans, ya warware wa iyaye matsalar karatu da lafiyar yara, amma ya sa ƙananan yara suna shekaru ba su ga iyayensu ba, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne aka ɗora wa waɗanda ba su suka zaɓi aikin ba. Haka nan rubuce-rubucensa a kan Musulunci suna da kaifi irin na mutanen zamaninsa, waɗanda yawancinsu suka yanke hukunci a kan ƙasar Hausa tun kafin su san malamanta da tarihinta. Ya yi ta kai ruwa rana da gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila saboda ta hana 'yan mishan shiga masarautun Arewa, bisa alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba. Sai a shekarun 1930 aka sassauta, SIM ta samu shiga Kano a 1933, daga baya ta karɓi aikin kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato.

Wannan ƙofa da aka rufe a Nijeriya tana cikin abin da ya sa suka waiwayi ƙasar Hausa ta ɓangaren Faransa. A 1924 suka buɗe tasha a Damagaram, a 1928 kuma a Tsibiri ta Gobir kusa da Maraɗi, inda David Osborne ya daɗe yana aiki. Faransawa ba su taɓa sakin jiki da su ba, kasancewarsu masu jin Ingilishi, kuma a zamanin gwamnatin Vichy, lokacin yaƙin duniya na biyu, an takura musu ƙwarai. Daga wannan tushe ne majami'ar EERN ta Nijar ta fito a daidai lokacin samun 'yancin kai, kamar yadda ECWA ta fito a Nijeriya a 1954. Kiristoci a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, a yankin Adar kuwa sun fi haka ƙaranci. Malamin makaranta ko ma'aikacin jinya Kirista da aka tura wani ƙauye a ƙasar Buza ko Keita yana iya yin watanni bai samu wanda za su yi sujada tare ba, ga maƙwabta na kirki amma ba addininsu ɗaya ba. Matsalar kaɗaici da Bingham ya yi ta nema wa magani domin Turawansa, ita ce ke gaban irin wannan ma'aikaci, shi kuma ba shi da Miyango, sai Littafinsa na Hausa da ɗan taron da ake yi idan an samu zuwa gari.

Ko irin wannan riƙo yana yiwuwa ba tare da ɗan mishan a kusa ba? Amsar ta zo daga Habasha, inda SIM ta shiga a 1927 tare da likita Thomas Lambie. Da Italiya ta mamaye ƙasar, an kori 'yan mishan a 1937, suka bar mutum 48 kacal da aka yi wa baftisma a ƙasar Wolayta, da ɗan abin da aka fassara na Littafi Mai Tsarki cikin harshensu. An ɗaure shugabanninsu, an yi musu bulala. Amma da 'yan mishan suka koma a shekarun 1940, sai suka tarar masu bi sun haura 10,000, suna taruwa a gidaje da majami'un da suka gina da hannunsu, masu wa'azinsu kuma manoma ne daga cikinsu.

Bingham ya shafe shekarar 1942 yana rubuta tarihin ƙungiyar, yana shirin bikin cikarta shekara 50 da za a yi a shekara mai zuwa. A lokacin 'yan mishan ɗinta sun kai kimanin 400, a Nijeriya da Nijar da Habasha da wasu ƙasashe. A farkon Disamba ciwon shanyewar jiki ya buge shi a Toronto, ya rasu ranar 8 ga Disamba, 1942, saura kwana 11 ya cika shekara 70. An buga littafin nasa a 1943, Guy Playfair wanda ya daɗe yana shugabantar aikin a Nijeriya ya gaje shi. Makarantar 'ya'yan 'yan mishan da aka buɗe a Miyango a 1946 ta ɗauki sunan Kent, shi kuwa nasa sunan yana kan jami'ar da ECWA ta kafa a Karu ta jihar Nasarawa a 2005, da kuma asibitin koyarwarta da ke Jos, wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano.